Awa Nawa Ya Kamata Mutum Ya Yi Yana Aiki a Rana?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da kowane gida a cikinmu ya sani, ko da bai san sunansa a doka ba. Akwai magidancin da yakan fita zuwa gidan burodi tun gari bai waye ba, ba ya komowa sai yara sun yi barci. Akwai yarinyar da take tsaron shago daga ƙarfe bakwai na safe har tara na dare. Akwai kuma waɗansu a cikinmu da su ne masu gidan burodin da shagon. Dukanmu a kan benci ɗaya muke zama ranar Lahadi, saboda haka ya dace mu duba tambayar nan tare: awa nawa ne ya halatta a sa mutum aiki a rana ɗaya, in kuwa an wuce wannan iyaka, me ya wajaba a yi?

Mutane da yawa suna zaton amsar ita ce kuɗi, watau in an biya ma'aikaci ladan ƙarin lokaci, magana ta ƙare. Za mu ga cewa dokokin ƙwadago na duniya ba su ɗauki abin haka ba.

Inda maganar ta samo asali

A ƙarni na 19, sa'ad da manyan masana'antu suka bunƙasa a Ingila da sauran ƙasashen Turai, aikin awa 12 zuwa 14 a rana ba baƙon abu ba ne, har ga mata da ƙananan yara. Inji ba ya gajiya, fitila kuma ta mai da dare rana, sai masu masana'antu suka shiga auna ƙarfin mutum da ƙarfin inji. Wani mai masaƙa, Robert Owen, shi ne ya yaɗa shawarar a raba yini gida uku daidai: kashi ɗaya na aiki, ɗaya na hutu da sha'anin gida, ɗaya na barci. A shekarar 1847 majalisar Ingila ta iyakance aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa 10. A 1856 magina a birnin Melbon na Ostireliya suka sami awa takwas ta wurin ajiye aiki. Ranar 1 ga Mayu, 1886, ma'aikata dubu ɗaruruwa suka yi yajin aiki a Amurka domin wannan bukata, bayan kwana uku kuma aka jefa bam a wani taronsu a birnin Shikago, aka yi hasarar rayuka, daga baya aka rataye mutum huɗu. Daga nan ne 1 ga Mayu ta zama Ranar Ma'aikata. Jihar Kano ce ta fara mai da ita ranar hutu a Nijeriya a 1980, ƙasa duka ta bi a 1981. Ita ce kuma ranar da Paparoma Piyus na 12 ya keɓe a 1955 domin idin Yusufu Mai Tsarki, Ma'aikaci.

Ikilisiya ba ta yi shiru ba a wancan zamani. A wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum, ta 15 ga Mayu, 1891, Paparoma Leo na 13 ya koyar cewa bai kamata a tsawaita aikin yini fiye da abin da ƙarfin mutum zai ɗauka ba, ya ce a duba irin aikin, da lokacin shekara, da lafiyar mai yinsa, masu haƙar ma'adinai kuwa a rage musu awoyi gwargwadon wahalar aikinsu. Paparoman bai yanka adadi ba. Adadin ya zo bayan shekara 28.

Yarjejeniya ta ɗaya

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar sulhu ta Versailles ta 1919 ta kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka fi sani da ILO, mai hedkwata a Jeneva. Tsarinta dabam yake da na sauran ƙungiyoyin duniya, gama kowace ƙasa takan aika wakilai huɗu zuwa babban taro: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ba da aiki, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. A taronta na farko, wanda aka yi a Washinton a watannin Oktoba da Nuwamba na 1919, abu na farko da ta zartar shi ne batun awoyin aiki. Shi ya sa ake kiranta Yarjejeniya ta 1. Ta fara aiki a 1921.

Me ya sa aka bukaci dokar ƙasa da ƙasa a kan abin da kowace gwamnati za ta iya yi a gida? Dalilin shi ne gasar kasuwa. Idan wata ƙasa ta rage awoyi ita kaɗai, masu masana'antunta za su yi kukan cewa maƙwabta za su karya musu farashi. Ba wanda yake so ya zama na farko, sai aka ce kowa ya taka tare.

Zuciyar yarjejeniyar tana cikin sashe na 2: a masana'antu, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, kada aiki ya wuce awa 8 a rana da awa 48 a mako. Mu lura, iyakoki biyu ne, kuma tare suke tafiya. Ba a ce mai gida ya zaɓi ɗaya ba. Wanda ya sa ma'aikaci awa 16 a rana sau uku a mako bai wuce 48 ba, amma ya karya doka. Kalmar masana'antu a nan ta haɗa da ma'adinai, da wuraren fasa dutse, da inda ake ƙera kaya ko gyara su, da gine-gine, da sufurin mutane da kaya. Noma ba ya ciki. Ba ta kuma shafi sana'ar da 'yan gida ɗaya kaɗai suke yi ba, ko manajoji da masu lura da aikin waɗansu.

An bar 'yan ƙofofi. Idan akwai ranar da ake tashi da wuri, kamar Asabar, ana iya ƙara lokacin a sauran ranaku, amma ƙarin kada ya wuce awa ɗaya a rana, watau tara ke nan. Masu aikin karɓa-karɓa suna iya wuce takwas a wata rana, muddin in an haɗa lissafin mako uku matsakaicinsa bai ɗara takwas a rana da 48 a mako ba. Ayyukan da ba su tsayawa dare da rana, irin tanderun narka ƙarfe, an yarda musu har awa 56 a mako bisa matsakaici. In kuma hatsari ya auku, ko inji ya lalace yana bukatar gyaran gaggawa, ko wani abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ya faɗo, ana iya wuce iyaka, amma gwargwadon abin da zai hana aikin rushewa kaɗai.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba shi da daɗin ji, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Yarjejeniyar da kanta ta ba Japan awa 57 a mako, ta ba Indiya, wadda take ƙarƙashin Ingila a lokacin, awa 60, ta kuma cire Sin da Farisa da Siyam gaba ɗaya. Ingila da Amurka ba su taɓa tabbatar da ita ba. Faransa ta amince bisa sharaɗin sai maƙwabtanta sun amince. Ƙasashen da suka tabbatar da ita ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, a cikin ƙungiya mai ƙasashe 187. Duk da haka awa takwas ta zama ma'aunin da duniya take auna kanta da shi, har a ƙasashen da ba su sa hannu ba.

A 1930 aka yi Yarjejeniya ta 30 domin shaguna da ofisoshi. Ita ma 8 da 48 ta sa, amma ta yarda a rarraba awoyin mako yadda rana ɗaya za ta kai goma, ba fiye ba. Ta bar asibitoci da otal-otal da gidajen abinci a waje. Babbar gudummawarta ita ce fassarar da ta yi wa lokacin aiki: duk lokacin da ma'aikaci yake ƙarƙashin umarnin mai ba shi aiki. Bisa ga wannan, yarinyar da take zaune a shago tana jiran mai saye aiki take yi, ko da ba wanda ya shigo tun safe. A 1935 Yarjejeniya ta 47 ta kawo manufar awa 40 a mako, Shawara ta 116 ta 1962 kuma ta ce a riƙa ragewa sannu a hankali zuwa 40 ba tare da an rage albashi ba.

Aikin ƙarin lokaci

A nan ne ya kamata mu daɗe, gama a nan rashin fahimta ya fi yawa. Sashe na 6 na Yarjejeniya ta 1 ya yarda da ƙarin lokaci a kan sharuɗɗa. Hukuma ce za ta tsara shi, ba mai gida shi kaɗai ba, kuma sai ta shawarci ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ba da aiki. Dalilinsa ya zama matsin aiki na musamman, irin wanda ba kullum yake zuwa ba. Dole dokar ta faɗi iyakar awoyin da za a iya ƙarawa. Ladan kowace awa ta ƙari kuma kada ya gaza na awa ɗaya da rubu'i. Wanda ake biyansa naira 400 a awa, na ƙarin lokaci naira 500 ne mafi ƙanƙanta. Sashe na 8 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin ya manna sanarwa a fili mai nuna lokacin farawa da na tashi da na hutu, ya kuma ajiye littafin da ake rubuta duk awoyin da aka ƙara.

Mu duba jerin da kyau. Kuɗi shi ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi an tambayi dalili, an tambayi iyaka. Rubu'in nan da aka ƙara yana da amfani biyu: yana rama wa ma'aikaci lokacin da aka ɗauke wa iyalinsa, yana kuma sa awa ta tara ta fi ta takwas tsada, domin mai gida ya ga gara ya ɗauki mutum na biyu da ya tatse na farko. Kwamitin masana na ƙungiyar, wanda yake bin diddigin yadda ƙasashe suke cika alkawari, ya sha nanata cewa iyakar ƙarin lokaci dole ta zama mai ma'ana, don kada togiya ta haɗiye dokar da aka yi ta dominta.

Bari mu ɗauki alli mu yi lissafi. A 2024 an mai da mafi ƙanƙancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. A ce ma'aikacin gidan burodi yana karɓar wannan, yana aiki awa 12 a rana, kwana shida a mako. Awa 72 ke nan, ƙarin 24 a kan 48. A wata, awoyin ƙa'ida sun kama 208, na ƙari kuwa 104. Bisa ma'aunin ɗaya da rubu'i, ladan ƙarin lokacinsa naira 43,750 ne kowane wata. Idan ba a ba shi ba, kowane mako yana yin aikin kwana uku kyauta. Amma ko an ba shi cif, yarjejeniyar ba ta gamsu ba, gama awa 12 kowace rana, shekara ta zagayo, ba matsin aiki na musamman ba ne. Tela da ya kwana a kan keke a makon Kirsimati ko na Salla yana cikin matsi na musamman. Wanda yake kwana a kansa daga Janairu zuwa Disamba, shagon ne yake bukatar tela na biyu.

Wani zai ce, ai ma'aikacin ne da kansa yake roƙon ƙarin lokaci, gama albashi ba ya isa. Gaskiya ne, mu ma mun san masu yin haka, ba kuwa za mu ga laifin uban da yake neman kuɗin makarantar 'ya'yansa ba. Amma wannan magana tana nuna ƙarancin albashi ne, ba ta wanke tsawon awoyi ba. Leo na 13 ya riga ya amsa ta: ya koyar cewa wanda ya karɓi sharaɗi mai tsanani saboda tilas ko tsoron abin da ya fi shi muni, an yi masa ƙarfa-ƙarfa ne, ko da bakinsa ya ce to. Ya kuma koyar cewa hutun jiki da na rai sharaɗi ne da yake cikin kowace yarjejeniyar aiki, an faɗe shi ko ba a faɗa ba.

Abin da jiki yake biya

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da sakamakon bincike a kan masu aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu ta shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda irin wannan aiki, kusan kashi uku cikin huɗu maza ne. In an gwada da mai aikin awa 35 zuwa 40, hatsarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Sau da yawa cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da mutumin ya riga ya bar aikin, iyalinsa kuwa ba za su taɓa haɗa jinyar da awoyin da ya yi ba. Ma'aikacinmu na gidan burodi ya wuce wannan layi da awa 17 kowane mako.

A waɗansu ayyuka ba mai aikin kaɗai yake biya ba. Yarjejeniya ta 153 ta 1979 ta ce kada direba ya yi tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu, kada kuma tuƙinsa ya wuce awa tara a rana, har da ƙarin lokaci. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota da dare yana jan direba da hira don kada gyangyaɗi ya sace shi, ya san dalilin wannan doka.

Ranar hutu

Iyakar yini ba ta cika sai da ta mako. Yarjejeniya ta 14 ta 1921 ta ba ma'aikatan masana'antu hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, ta ce in da hali ya dace da ranar da al'adar ƙasar ta saba. Ta 106, ta 1957, ta kai wannan ga shaguna da ofisoshi, ta ƙara da cewa a girmama al'adun marasa rinjaye a addini gwargwadon iko. Wannan ya shafe mu ta fuska biyu. Muna da hujjar neman Lahadi domin Misa, muna kuma da nauyin duba Jumma'ar Musulmin da yake aiki a ƙarƙashinmu. Mai karanta Maimaitawar Shari'a sura 5 zai ga cewa dokar Asabar ba ta tsaya a kan maigida ba, ta ambaci bawa da baranya, da baƙo, har da sa da jaki. Paparoma Yohanna Bulus na 2, a wasiƙarsa Laborem Exercens ta 1981, ya lissafta hutun mako cikin haƙƙoƙin ma'aikaci.

Yaya abin yake a gida?

Yarjejeniya ba ta ɗaure ƙasa sai ƙasar ta tabbatar da ita. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1960, amma ba ta tabbatar da ta 1 ko ta 30 ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya bai yanka adadin awoyi ba. Ya ce awoyin ƙa'ida su ne waɗanda aka shirya tsakanin ma'aikaci da mai ba da aiki, ko ta wurin ciniki da ƙungiyar ma'aikata, ko ta hukumar tsara albashi ta wannan sana'a, abin da ya ɗara haka shi ne ƙarin lokaci. Bai faɗi nawa za a biya ba. Ya dai tabbatar da abu biyu: wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, yana kuma da hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Maƙwabtanmu sun rubuta adadi. Dokar Gana ta 2003 ta ce awa 8 a rana ko 40 a mako, ta Nijar ma 40 ta sa.

Ma'anar wannan a gare mu ita ce, nauyin ya koma kan shirin da aka yi ranar ɗaukar aiki. Ma'aikacin gwamnati da na babban kamfani suna da takarda da ƙungiya. Mafi yawanmu ba mu da ko ɗaya, da baki ake shiryawa, abin da akan faɗa kuwa albashi ne kawai, ba a taɓa maganar ƙarfe nawa za a tashi. Inda ba a faɗi lokacin tashi ba, babu abin da za a kira ƙarin lokaci, gama ba a san inda aka fara ƙirga shi ba. Kakanninmu ma ba su bar abin sake haka ba. A gandu an san lokacin da ake ajiye fartanya, mutum ya koma gayaunarsa.

Mutum biyu ne suka fi faɗawa cikin wannan rami, kuma a gidajenmu suke, da makarantunmu, da harabar majami'unmu. Na farko shi ne mai gadi. Yarjejeniya ta 30 ta sa masu tsaron wuri cikin waɗanda aikinsu yake da tsaiko, ta yarda a ba su awoyi fiye da na sauran, amma ta ce hukuma ta yanka iyakar ƙarin. Mai gadin da yake kama aiki ƙarfe shida na yamma ya tashi shida na safe, kwana bakwai a mako, awa 84 yake yi, ba shi kuma da ranar hutun da dokar ƙasarmu ma ta ba shi. Ta biyu ita ce 'yar aikin gida. Shekara 92 aka yi kafin a kai gare ta: Yarjejeniya ta 189 ta 2011 ta nemi a daidaita masu aikin gida da sauran ma'aikata a awoyi, da ladan ƙarin lokaci, da hutun awa 24 a mako. Ta kuma ce lokacin da suke zaune suna jiran kira, ba su da ikon zuwa inda suke so, a lissafta shi cikin aiki gwargwadon yadda dokar ƙasa ta tsara. Ita ce mai fara tashi a gida, ita ce mai kwanciya ƙarshe, sau da yawa kuma muna kiranta 'yarmu, sunan da ba mu cika tunawa da shi ba sa'ad da 'ya'yan cikinmu suka tafi barci suka bar ta da wanke-wanke.

Kafin zaman zumunta na gaba, muna roƙon kowane gida da yake da mai aiki, da kowane kwamitin majami'a, ya ɗauki takarda ya rubuta sunan aikin, da lokacin farawa, da lokacin tashi, da lokacin cin abinci, da ranar hutu, sa'an nan ya haɗa awoyin mako. Masu aiki a ƙarƙashin wani su ma su rubuta nasu na kwana bakwai. Kowa ya zo da takardarsa, za mu ajiye ta kusa da 48.